Folda Mai Kwaɗo

"Yallaɓai! Wallahi in ka ƙara ajiye mini waƙa da sunan 'sabuwa ta biyu ta ƙarshe', ni da kai ne a gidan nan!"

Tana zaune a kan kafet ɗin falo da laftof a cinya, shi kuma yana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi, yana yi mata dariya ƙasa-ƙasa.

"Haba Manaja, ai ke ce mai sa suna. Ni nawa rerawa."

Shi mawaƙi ne, ita kuma matarsa, shekararsu biyu da aure. Kafin ta shigo rayuwarsa, waƙoƙinsa a warwatse suke kamar kayan yaro, wani baiti a bayan ambulan, wani a kwalin magani, muryoyi sun fi ɗari huɗu a waya babu mai suna ko ɗaya. Ita ce ta samo manhajar rubuta waƙa ta zauna ta tattara su. Kowace waƙa da foldarta, a ciki akwai baitoci da muryar da ya ɗauka da kiɗan gwaji. Jan launi a folda na nufin ba a gama ba, rawaya ana gyara, kore an gama. Abin da ya rubuta a wayarsa yana studiyo, nan take take ganinsa a laftof tana gida. Daga nan ya raɗa mata Manaja, sunan kuma ya bi ta har gidansu.

Tana cikin jan shafi ƙasa sai hannunta ya tsaya. Can ƙarshe akwai wata folda da ba ita ta buɗe ba. Ba ja ba, ba rawaya ba, ba kore ba, sai hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa a jikinta. Sunanta ma lamba ce kawai, 14-3. A ƙarƙashi an rubuta muryoyi goma sha tara.

"Wannan fa?"

Ya leƙo ta kafaɗarta. Ta ga lokacin da dariyar ta bar fuskarsa.

"Oh, wannan... aikin wani ne. Amana ce, ki bar ta kawai."

"Wani ko wata?"

"Manaja kenan!" Ya shafa kanta, ya ajiye kofin bai ko shanye ba, ya ɗauki makullin babur ya fita.

To, ita fa ba yarinya ba ce. Shekara biyu babu baitin da ya taɓa ɓoye mata, har waɗanda ba su da daɗi sai ya tsare ta ta saurara. Ta danna bayanin foldar. Ba ta buɗu ba, amma ta nuna ranakun da aka taɓa ta, Laraba, Laraba, Laraba, duk tsakanin huɗu da biyar na yamma, wata biyar ke nan. Ranar Laraba kuwa cewa yake yana studiyo. Ta ɗauki waya ta kira injiniyan sauti, ta yi kamar saƙo za ta bayar.

"Ranar Laraba? Ai madam, oga ba ya zuwa Laraba, mun daɗe da cire ta."

Ta yi godiya ta kashe.

Babu wanda ya san manhajar nan kamarta, shi ma bai kai ta ba. Ta san kwaɗon yana hana buɗe folda, amma bai hana akwatin bincike leƙawa ciki. In ka rubuta kalma, zai fito maka da layin da kalmar take ko a ina yake. Ta rubuta "ido". Layi ya fito, da 14-3 a gefensa:

*In za ki yi dariya sai ki rufe baki, ki bar ni da idanu.*

Ita ba ta rufe baki in za ta yi dariya, har tsokanarta yake wai ana jin ta daga bakin titi. Ta rubuta "hannu", babu komai. Ta rubuta "yatsa":

*Mai ƙaramin tabo a yatsan hagu, wuƙar albasa ta riga ni taɓa ki.*

Ta ɗaga hannunta na hagu ta juya shi gaba da baya. Sumul, ko ƙwarzane babu.

Kwana shida ta yi a haka. Da ya fita sai ta jawo laftof da littafi, ta jefa kalma ta kwafe abin da ya fito. Matar tana son shuɗin mayafi. Matar tana tsoron tsawa. Matar gajera ce, ita kuwa Manaja doguwa. A hankali ta haɗa mace sukutum a shafi uku, ta tsane ta kamar ta taɓa ganinta. Ko a layin kanti ta ga gajerar mace sai ta saci kallon yatsunta. Shi kuma bawan Allah komai ya yi laifi ne, in ya yi fara'a ta ce daga can ya kwaso, in ya yi shiru ta ce can hankalinsa yake.

Ranar Talata ta kasa daurewa, ta tafi gidansu wajen Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta tana shekara uku. Ta tarar da Baba a falo a ƙarƙashin agogonsa na bango. Baba mai gyaran agogo ne shekara arba'in, amma nasa na gida kullum yana gaba da minti biyar, kuma bai yarda kowa ya taɓa shi ba. Abin ya zama abin tsokana a dangi.

"'Yata, ya mijin naki?"

"Lafiya lau, Baba."

Ta cire takalmi, ta ajiye jaka, ya sake ɗagowa. "Ya mijin naki?"

"Tsufa," in ji Goggo da raɗa, ta ja ta ɗaki. "Jiya ma a firij na tsinci makullin shagonsa."

Da Manaja ta fara ba da labari, ta buɗe littafin za ta karanta, Goggo ta ɗaga hannu.

"Kada ki karanta mini shirme! Ni dama na faɗa. Mutumin da sana'arsa yabon mata? Yaya ma ai sai da ya ƙi, kika yi ta kuka har ya haƙura. Yanzu ga shi nan. Ki tattaro kayanki ki dawo, ɗakinki na nan."

Washegari Laraba, ƙarfe uku da rabi, Mawaƙi ya sa riga mai kyau ya ɗauki waya da ƙaramin makirfo. Ta tare ƙofa.

"Ina za ka?"

"Aiki."

"Studiyo? Na kira injiniya."

Ya sunkuyar da kai.

"Wace ce mai tabo a yatsa?"

Ya ɗago a firgice. "Kin buɗe?"

"Au! Abin da ya dame ka ke nan? Ka buɗe mini foldar yanzu, in ba haka ba wallahi ba za ka dawo ka same ni ba!"

"Manaja, ki saurare ni. Na rantse miki babu wata mace a rayuwata sai ke. Amma na yi wa mutum alkawari, ba ni da ikon buɗewa. Ki ba ni wata ɗaya..."

"Ko minti ɗaya!"

Ya dube ta, ya dubi agogon wayarsa. "Ana jirana," ya ce a hankali, ya raɓa ta gefenta ya fita.

Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Ƙarfe biyar daidai ta jawo laftof. Ba za ta iya buɗe foldar ba, amma asusun da sunanta aka yi shi, tana da ikon gogewa. Ta danna. Manhaja ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Rubutu ya fito cewa an kai folda kwandon shara, za ta ɓace har abada bayan kwana bakwai, Laraba ƙarfe biyar na yamma. Ta san sanarwar ta isa wayarsa, zai iya dawo da ita daga can, don haka ta canza kalmar sirri, manhajar ta fitar da shi waje. Ta zuba laftof da kaya a akwati ta tafi gidansu.

Tun daga ranar kullum sai ya zo, kullum Goggo ce a bakin get. Baba ya kwanta zazzaɓi a makon, bai fita shago ba, wayarsa kuma tana hannun Goggo. Abin da aka gaya masa, 'yarsa ta zo jinya ne.

"Goggo, don Allah minti biyu kawai zan ga Baba."

"Ba shi da lafiya. Ka je ka rera wa mai tabon taka."

Sai saƙonni a wayar Manaja. *Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma don girman Allah ki dawo da foldar kafin Laraba.* Ta nuna wa Goggo.

"Kin gani? Ba ke yake nema ba, foldar yake nema!"

Ita ma haka ta gani. Amma in ta kwanta da rana sai ta tuna fuskarsa a bakin ƙofa, ta rasa me ya sa ba ta yi kama da fuskar maƙaryaci ba. Tana sonsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Sau biyu tana buɗe kwandon sharar ta kalli kwanakin suna raguwa, sau biyu tana rufewa.

Ranar Laraba Baba ya tashi garau. Wajen ƙarfe huɗu da rabi ya fito da hula da makullin shago.

"Ina za ka, Yaya?" in ji Goggo.

"Ina da baƙo yau a shago, na ma makara." Ya tsaya yana murza goshi. "Wa ma zai zo? Ko da yake in na gan shi zan gane."

Kafin ta tare shi ya buɗe get, ya yi kiciɓis da Mawaƙi a tsaye jikin babur, ya rame, idanunsa sun yi ja.

"A'a, surukina! Me kake yi a waje kamar baƙo? Shigo mana."

Haka aka taru a falo. Goggo ba ta jira an tambaye ta ba, ta zazzage komai, ta ƙara da nata gishirin. Baba yana saurare yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Gaskiya ne kana rubuta wa wata mace waƙa?"

Mawaƙi ya durƙusa. "Baba, ka tuna alkawarin da ka sa na yi maka a shago? Don Allah ka sake ni in yi magana. Lokaci yana tafiya."

"Alkawari? Ni?" Baba ya dube shi da gaske, babu alamar ya tuna komai.

"Ka ji ko, Yaya! Har da kai zai yi wa ƙarya!"

Manaja ta miƙe. "Baba, bari ka ji da kunnenka." Ta buɗe littafin. "*In za ki yi dariya sai ki rufe baki, ki bar ni da idanu.* Ni ce wannan? *Shuɗin mayafinki ya fi mini sararin sama.* Ina da shuɗin mayafi? *Mai ƙaramin tabo a yatsan hagu...*"

"*...wuƙar albasa ta riga ni taɓa ki,*" in ji Baba.

Goggo ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe.

"Tabo a yatsan hagu? Innalillahi... Yaya, ai wannan matarka ce! Ni na ɗaure mata yatsan da tsumma ranar da ta yanke!"

Littafin ya suɓuce daga hannun Manaja.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Maganar ta dawo masa, ana ganin dawowarta a fuskarsa.

"Na tuna. Ni na sa shi. Wata biyar da suka wuce likita ya ce mini mantuwar nan ba ta tsufa ba ce, ciwo ne, kuma gaba zai yi ta yi. Ban ji tsoron manta gyaran agogo ba, 'yata. Mahaifiyarki na ji tsoron mantawa. Ke ba ki san ta ba, hotonta ɗaya ne, in ta fita daga kaina shi ke nan ta tafi. Sai na kira yaron nan da na ce sana'arsa ba sana'a ba ce, na ce duk Laraba ya zo shago in ba shi labarinta ya ɗauka, ya mayar da shi waƙa ya ajiye miki. Na ce kada ya gaya miki sai an gama, don ban so ki fara yi mini kallon mara lafiya. Sha huɗu ga watan uku ta fara kawo mini gyaran agogo." Ya juya ga surukinsa. "Rabin abin da na gaya maka ma yanzu ba na jin zan iya maimaitawa. Amma ai yana wajenka, ko?"

Mawaƙi ya juya ya kalli matarsa.

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Biyar da minti biyu.

"Wayyo Allah! Na goge! Baba, na goge ta, lokacin ya wuce! Na kashe Mama da hannuna!" Ta zube a ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita.

"Manaja!" Mawaƙi ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. "Agogon Baba ne! Yana gaba da minti biyar! Tashi ki ɗauko laftof!"

Ba ta san lokacin da ta kai ɗaki ta dawo ba. Laftof ya yi ta juyi kafin ya buɗe, Goggo tana ta salati tana cewa a yi sauri, ita da ba ta san ko ina ake dannawa ba. Manaja ta rubuta kalmar sirri, manhaja ta ce ba daidai ba. Ta sake, ta ce ba daidai ba.

"Tsohuwar kike sawa," in ji Mawaƙi, ya riƙe mata kafaɗa. "Sabuwar da kika canza. Nutsu."

Ta ja numfashi ta rubuta. Ta shiga kwandon shara. Folda tana nan, da jan rubutu a ƙasanta, saura minti ɗaya. Ta danna "dawo da ita". 'Yar da'ira ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sannan 14-3 ta koma mazauninta da muryoyinta duka cif.

Goggo ta sulale ta zauna a hannun kujera tana share ido da gefen zane.

"Buɗe mata," in ji Baba. "Na sake ka."

Mawaƙi ya sa lambar kwaɗon, ya danna murya ta farko. Muryar Baba ta cika falon, da ƙarar agogunan shago a bayanta.

"*To, ka fara ɗauka? Yauwa. Ita dai agogonta kullum gaba yake da minti biyar. Na ce in gyara mata, ta ce a'a, da gangan ta yi, wai don kada ta taɓa sa ni jira. Da muka yi aure ta hau kujera ta tura na falo ma. Har yau ban mayar da shi ba...*"

Duk suka ɗaga kai suka kalli bango. Shekara ashirin da wani abu Manaja tana yi wa agogon nan dariya. Ta rarrafa ta kifa kanta a gwiwar Baba, shi kuma yana shafa kanta yana sauraron muryarsa kamar wani ne yake ba shi labari, yana murmushi yana cewa, "Haka ne, haka aka yi."

Da ta samu kukan ya lafa ta juya ga mijinta, ta kasa haɗa ido da shi.

"Yallaɓai, ka yafe mini. Kwana bakwai kana tsaye a rana..."

"Ni ma da laifina, na ce miki studiyo alhali ba can nake ba. Kuma wallahi da ya kai saura minti biyu Baba bai tuna ba, da na karya alkawarin na nemi gafararsa daga baya." Ya ɗan yi murmushi. "Amma Manaja, mace guda har shafi uku? Ai ke ya kamata ki riƙa rubuta waƙoƙin."

Goggo ta gyara murya. "Kai, mai kaɗe-kaɗe... ɗana. Bakina ne ya kusa rushe gidanku. Ka yi haƙuri." Ta tashi ta shige kicin, wai za ta haɗa masa shayi, ba ta son a ga fuskarta.

Ku da kuke karatu, musamman ku 'yan mata da samarin da waya ba ta barin hannunku, ku ji wannan. Zargi ba ya buƙatar hujja da yawa, layi uku sun ishe shi ya gina mutum ya sa ka tsane shi. Manaja ta iya manhaja fiye da kowa, amma ba ta iya jiran wata ɗaya ba, saura minti ɗaya ta rasa abin da babu mai sake ba ta. Shi kuwa da ya riƙe amana ya shanye zagi a bakin get, ya samu matarsa, ya samu uban da da can ya ƙi shi. In abu ya shige muku duhu a kan wanda kuke so, ku tambaya, ku jira, kuma kada ku goge komai cikin fushi.

Wata guda bayan nan aka gama waƙar, Manaja da kanta ta mayar da foldar kore. Yanzu duk Laraba su biyu suke zuwa shago. Akwai ranakun da Baba ba ya gane waƙar, sai ya saurara har ƙarshe ya ce, "Kai, wannan mata ta yi dace da masoyi. Wace ce?"

Sai Manaja ta riƙe hannunsa ta ce, "Matarka ce, Baba. Bari in ba ka labarinta."